Yaya Bagudu da Jan Sassaƙe

Da sunan Allah da ya tsayar da itace a kan saiwarsa, ya tsayar da mutum a kan kwanakinsa, ya yanka wa kowanne iyakar da ba ya ƙetarewa. Bayan haka, ni ne Nomau na Ruwan Marke, ƙanin Bagudu mai sassaƙe. Na taka ƙasa goma sha ɗaya, na sha ruwan koguna bakwai, na ga abin da zan faɗa muku. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ba zan rantse masa ba.

Gidanmu gidan sassaƙe ne tun kakanni. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya Bagudu ya gaji sanin itace da bakin talla, ni kuwa na gaji gizago da buhu. Shi da harshe yake gane magani. Zai fasa ɓawon itace ya lasa, in fuskarsa ta yamutse ya ce an samu, in bai ji komai ba ya tofar ya ce itacen girki ne. Ba shi kaɗai ba, duk garinmu haka muke. Maganin da bai sa mutum hawaye ba, washegari za a dawo maka da shi a ce ka ba da ruwan banza. Da maɗaci aka yaye mu, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

Wata shekara wani falke ya sauka a garinmu, ya ba da labarin ƙasar Walamba, can arewa inda arewa ta ƙare. Ya ce akwai itatuwa a can da ba sa kaɗe ganye ko sanyi ya mai da ruwa dutse, kuma ɗaya yakan yi shekara dubu a tsaye. Yaya ya yi kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku ya ce itacen da tsufa bai kama shi ba, lalle sassaƙensa ya hana mutum tsufa. Bai tambaye ni ra'ayina ba, don bai saba ba. Cewa ya yi, "Nomau, ɗauko gizago."

Muka tafi. Mun ratsa ƙasar da shanunta ke kiwo a ƙarƙashin tafki, sai la'asar su fito a tatse su. Mun ratsa garin da ba a yi wa ɗaki ƙofa sai ta sama, kowa da tsaninsa a kafaɗa yake zuwa gaisuwa. Bayan wata goma sha huɗu muka iso Kogin Shiru, wanda shi ne iyakar Walamba. A bakin kogin wani dattijo ya gargaɗe mu. Ya ce duk wanda ya haye bai ce uffan ba, zai sauka da harshen mutanen can a bakinsa da kunnensa. Wanda kuwa ya yi magana a kan ruwa, kogin zai ɗebi rabonsa.

Na san ɗan'uwana. Kafin mu shiga kwalekwale na ba shi goro uku, na ce ya haɗa su a baki lokaci guda saboda sanyi. Dabarar ta kai mu tsakiyar kogi. A nan goron ya ƙare, Yaya ya dubi mai fito, mutumin da ya tsufa a kan ruwan nan, ya ce masa, "Ba haka ake riƙe filafili ba."

Da muka sauka sai ya zamana Yaya yana iya yi wa Walambawa magana tar da harshensu, amma in sun amsa ba ya fahimtar ko kalma ɗaya. Ni na zama kunnensa. A gaskiya ban ga abin ya canja masa rayuwa sosai ba.

Walamba daji ce daga farkonta har ƙarshenta. In ka ɗaga kai don ganin ƙarshen itace, hularka za ta faɗi ba ka gani ba. Ganyen ba ganye ba ne irin namu, allurai ne kore shar, kuma iska in ta bi ta cikinsu ba ta yin ƙarar da muka sani, sai wani dogon huci. Ranar da muka shiga, Yaya ya ɓalle wani jan ɓawo a jikin wani gajeren itace, ya taɓa shi da kan harshe, ya tofar. Leɓensa ya mutu har yamma. Ya yi ta murna, ya ce bai taɓa haɗuwa da ɗaci mai daraja irin wannan ba.

A ƙofar gari aka karɓe gizagonmu, don baƙo ba ya shiga dajinsu da ƙarfe. Aka sauke mu a gidan wata tsohuwa mai suna Sulma, wadda ita ke ajiye wuƙaƙen sassaƙe na garin duka. Ba mu yi sati ba sama ta fara zubo da ƙanƙara mai laushi kamar auduga, hanyoyi suka toshe. Abinci ya koma busasshen nama da busasshen kifi, safe da yamma. Kowace safiya Walambawa kan sha wani ruwa mai ɗumi da suke jiƙa alluran itace a ciki. Yaya ya kurɓa sau ɗaya ya ce ruwan wanke ƙwarya ne, bai ƙara ba. Ni na ci gaba da sha saboda ɗumin.

A wata na uku dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi. Haƙoransa suka fara girgiza. Wani tabon lauje da ke ƙaurinsa tun muna yara ya buɗe kamar jiya aka yi shi. Sulma ta buɗe bakinsa ta duba, ta latsa ƙafarsa, sannan ta ja ni waje.

Ta ce, "Ɗana, ruwan safe ba zai ishe shi ba yanzu. Sai ɗanyen farin da ke ƙarƙashin ɓawo, a dafa shi da kauri. In bai sha ba, ba zai ga watan gobe ba."

Na ce, "To Iya, a taimaka mana da shi."

Ta ce, "Ba a yi. A nan ɗan'uwa ne ke yanka wa ɗan'uwa ɓawo. Kakanninmu sun taɓa feɗe daji guda don sayarwa, ya bushe a tsaye, tun daga nan aka hana. In kana so, sai ka karɓi wuƙa da kanka. Ba a kuma ba da wuƙa sai ga wanda ya gane itace ido a rufe."

Kwana bakwai ta yi tana yawo da ni a dajin. Ranar farko na yi ta ɗaga kai ina neman ganye, yadda muke yi a gida, sai ta ƙwanƙwashe ni da sandarta. Ta ce, "Me ka ajiye a sama? Ganyen yana inda ba za ka je ba. Sa hannu."

Itatuwan da suka dame mu uku ne. Sunayensu a harshen Walamba dogaye ne, sai na raɗa musu nawa. Na farko Mai Sulke. Ɓawonsa kauri ne da shi, ya tsattsage falle-falle kamar bayan kada, yatsa yakan nutse a tsakanin tsagar. In rana ta taɓa shi yana ƙamshin ƙaro, alluransa kuma a ɗaure suke fitowa biyu-biyu, kowane ɗauri da ɗan kube a gindinsa. Shi ne mai maganin. Na biyu Mai Ƙuraje, jikinsa sumul, toka-toka, da 'yan ƙulle-ƙulle waɗanda in ka matsa ƙaro zai tsarto maka, shi suke shafa wa rauni. Alluransa ɗai-ɗai suke, masu faɗi da laushi. Na uku shi ne wanda Yaya ya lasa, Jan Ɓawo. Ba ya tsawo, ya fi son inuwa da gindin dutse, ɓawonsa siriri ne yana saɓulowa da kansa ko ba wuƙa. Ba shi da ƙaro, ba shi da ƙamshi.

Sulma ta sa na shafa shi, sannan ta sa na goge hannuna da ƙanƙara. Ta ce, "Wannan in doki ya ci da safe, ba da shi za a koma gida ba. Ba mu da maganinsa, ba mu kuma san wanda ke da shi ba."

Rana ta takwas dattawa uku suka ɗaure mini ido. Sharaɗin shi ne hannu a jikin itace kawai, ba a miƙa shi ga reshe. Wanda ya kuskure ɗaya sai baɗi, Yaya kuwa ba shi da baɗi. Itace na farko bai ba ni wuya ba, tsohon Mai Sulke ne. Na biyu ya saɓule a yatsuna, na sunsuna ban ji komai ba, na ce Jan Ɓawo. Na uku ne ya tsayar da ni. Kaurinsa bai wuce taɓarya ba, jikinsa sumul. Hannuna ya ce Mai Ƙuraje, amma na shafa sama na shafa ƙasa ban sami ƙurji ko ɗaya ba. Sulma ba ta taɓa kai ni wurin ƙaramin itace ba, ban sani ba ko mantawa ta yi ko da gangan.

An yi maganar hannu, ba a yi maganar ƙafa ba. Na zame takalmina na dama a hankali, na tura yatsu cikin ƙanƙara a gindin itacen, na yi ta tono har na taɓa alluran da suka zuba. Na kama wasu da babban yatsa na murza. A ɗaure suke, biyu-biyu.

Na ce, "Mai Sulke ne. Yaro ne, bai kai sa sulke ba."

Dattawan suka yi ta gardama a kan ƙafar, ɗaya ya ce zamba ce, biyu suka ce ba a taɓa hanawa ba. Aka ba ni wuƙa. Ƙaramin yatsan ƙafar nan sanyi ya cinye shi, daga baya Sulma ta cire shi.

Na yi yankan yadda ta koya mini. Ba a zagaye itace da wuƙa, don ranka ne kake nema ba nasa ba. Faɗin tafin hannu ake ɗauka, tsawon kamu ɗaya, a ɗaga ɓawon waje, a kankare farin da ke manne da itacen, sannan a toshe wurin da ƙaro. Na kawo na dafa, na kai wa Yaya a ƙoƙo. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya mayar cikin ƙoƙon.

Ya ce, "Wannan mene ne?"

Na ce, "Maganin ne, Yaya."

"Har da ɗan zaƙi-zaƙi. Kunun jarirai ka kawo mini? Je ka ɗebo jan nan da na lasa ranar da muka zo."

"Yaya, an ce guba ne."

"Wa ya ce?"

Ya kira Sulma da kansa, ya tambaye ta da harshenta. Ta tsaya ta yi masa bayani mai tsawo, har da nuni da hannu, har da kwaikwayon faɗuwar doki. Da ta gama ya juyo gare ni ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce guba ne."

Ya ce, "Kai dai ka ce. Shekara talatin ina wannan sana'a, kai kana ɗaukar buhu. Ciwo mai ƙarfi irin wannan ba ya jin lallashi, Nomau. In ba za ka kawo ba ka bar ni."

Kwana uku ya juya wa ƙoƙon baya. Haƙori biyu suka fita. A rana ta huɗu maƙwabcin Sulma ya yanka rago, na je na roƙi maɗaciyar. Mutumin ya ba ni yana kallona kamar wanda sanyi ya taɓa wa kai. Na dafa farin nan kamar kullum, na jefa ɗan ɓawon waje na Mai Sulke don ruwan ya yi ja, na ɗiga maɗaciya har ni da na ɗanɗana sai da na tofar. Na kai masa, na ce ga jan.

Ya sha. Idonsa ya kawo ruwa, fuskarsa ta yamutse, ya girgiza kai. Ya ce, "Yauwa. Yanzu ka yi aiki."

Na bi gidajen garin ina tara maɗaciya, ta rago da ta kifi, har aka san ni da ita. Cikin kwana goma dasashin ya saɓe, cikin ashirin tabon ya rufe, ya miƙe yana zagaya gida yana gaya wa Sulma yadda ya kamata ta jera itacen wutarta. Ita kuwa ta ga abin da nake zubawa a tukunya tun ranar farko. Wata safiya ta tare ni a bakin murhu.

Ta ce, "Yana tsammanin jan ne ya warkar da shi."

Na ce, "Haka ne, Iya."

"Ka faɗa masa."

"Zan faɗa, bari ya ƙara ƙarfi."

Ta ce, "Ni na faɗa masa sau huɗu. Kai kaɗai yake ji."

Ya ƙara ƙarfi, ban faɗa ba. Dalili biyu ne, kuma babu mai kyau a ciki. Ina tsoronsa, tsoron da ƙane ke yi wa wan da ya rene shi. Sannan tun da ya warke yake gaya wa duk wanda ya shigo cewa ƙaninsa Nomau ya iya haɗi, shi ya tashe shi daga kabari. Tun da nake bai taɓa yabona ba, kuma abin ya yi mini daɗi. Kullum sai in ce gobe.

Da ƙanƙara ta narke muka yi sallama. Aka mayar mana da gizagonmu, Sulma ta bar mini wuƙar. Maganar maganin tsufa kuwa Yaya ya daina ta, ya ce abin da ya samu ya fi shi. Ban gane nufinsa ba sai da ya ɗora mini buhu a kai na ji nauyinsa. Ashe kwanakin nan da yake fita miƙe ƙafa, jan ɓawo yake saɓulowa da hannu yana tarawa. Ya ce in mun isa gida babu mai ciwon da zai ƙara kwana biyu a Ruwan Marke.

Na yi tafiyar yini biyu da mutuwar garinmu a kaina. A rana ta uku muka zo wata gadar igiya a kan kwazazzabo mai zurfi, ruwa na gudu a ƙasa. Da na kai tsakiya na yi kamar santsi ya ɗebe ni, na karkata kai, buhun ya tafi. Yaya ya yi kwana biyu yana zagina, ya haɗa da ranar da aka haife ni. Na sha zagin da daɗin rai. A lissafina an gama, saura yini ɗaya mu fita daga dajin, bayan nan babu jan itace har abada, babu kuma abin da zai sa in buɗe baki.

Muka sauka a bakin dajin, inda ake hango Kogin Shiru. Ruwan sama ya duke mu a hanya, Yaya ya kama tari. Da safe na duba wurin, na ga Mai Sulke ne ko'ina, na ɗauki gora na gangara neman ruwa da kifi. Bayan dutsen da muka jingina kaya ne kawai ban leƙa ba.

Na dawo da hantsi. Yana zaune a bakin wuta, tukunya a gefe, ƙoƙo a hannunsa babu komai a ciki. A kan dutsen ga ragowar jan ɓawo.

Ya ce, "Nomau, ashe rowa ka yi ta yi mini. Naka bai kai rabin wannan ɗaci ba."

Na ajiye gorar. Na ce, "Nawa ka sha, Yaya?"

"Ƙoƙo biyu. Tarin ma har ya kwanta."

Na jiƙa gishiri na ɗura masa, ya yi amai, amma na san an wuce nan. Sai na zauna a gabansa na faɗa masa duka, farin ɓawon, da maɗaciyar rago, da buhun da na yar da gangan. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya dubi tukunyar.

Ya ce, "Maɗaciyar rago."

Na ce, "Da ta kifi."

Ya yi 'yar dariya. Ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya saurara, irin yadda yake yi wa marasa lafiya a gida. Ya ce, "Zuciyar tana tsallake bugu. Tsohuwar nan ta san aikinta." Sannan ya ce in gyara masa kwanciya ya fuskanci gabas, na gyara. Ina ta cewa ya yafe mini, ina ta cewa da na faɗa tun a gari.

Ya ce, "Bar wannan. Ko ka faɗa, da ban yarda ba. Ai ka san ni."

Ya yi kalmar shahada da bakinsa, ya cika kafin azahar. Na wanke shi da ruwan da na ɗebo, na haƙa masa da gizago a gindin wani tsohon Mai Sulke, na yi masa salla ni kaɗai. Washegari na haye kogin, kuma wannan karon ba a sha wuyar yin shiru ba.

Shekara ashirin da shida ke nan. Na auna maganarsa ta ƙarshe ta kowace fuska, wata rana in ga gaskiya ya faɗa, wata rana in ga sauƙi kawai ya nema mini, don ya san ni zan yi sauran tafiyar. Har yau ban san wanne ba ne. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah ne masanin saura.